Gefen Hoto

Munkaila, miƙo min wayar.
A'a, koma baya,
zalɓen nan da ka ɗauko a Owabi ranar Lahadi.

Ka dasa shi a tsakiya cif
kamar mai neman fasfo.
Shekara talatin da huɗu ina zaunar da mutane haka
a shagona na Aboabo:
ɗaga haɓa, saki kafaɗa, kada ka ƙifta.
Tsuntsu ba ya neman biza.
Matsar da shi gefe.
Inda bakinsa ya nuna, can za ka bar masa fili,
don ido na bin kallo
yadda akuya ke bin mai dusa.
In ka toshe masa gaba,
ka ɗaure shi ke nan ba da igiya ba.

Ina ƙafafunsa kuma?
Ka datse su daidai gwiwa,
ko mahauci ya fi ka tausayi.
In za ka yanka, yanka da niyya:
ko kai da wuya, ido ya cika wuri,
ko tsuntsun duka, har yatsun da ke cikin laka.

Wannan birin, a tsaye ka ɗauke shi,
kana leƙensa kamar mai bin bashi.
Durƙusa.
Wando yana wankuwa.
Sai idonka ya zo daidai da nasa
zai daina zama abin kallo, ya zama wani.

Kafin ka danna, zagaya kusurwa huɗu
kamar mai gadi kafin ya kishingiɗa.
Reshen da ya tsiro daga kan dabba,
wayar lantarki, gwiwar hannun abokinka,
duk ta gefe suke shigowa.

Jemagun nan na itatuwan gidan zu,
ka zaɓi ɗaya, ka ja shi, ka ja shi,
har ya tsinke kamar kokon da aka cika wa ruwa.
Abin da yake nesa, ƙafa ce ke kawo shi, ba yatsa ba.
In ƙafa ta kasa, bar shi ƙarami.
Ai su yawansu ne hoton:
magariba, sun rufe sararin Kejetia,
'yan trotro na ihu a ƙasa,
ba wanda ya ɗaga kai sai kai.

Balbelar bakin kwalbati kuwa,
na ga ka goge ledar ruwan da ke kusa da ita.
Mayar.
A nan take kiwo, nan muka bar mata.
Almakashi ma yana ƙarya,
kuma ba ya ko buɗe baki sosai.

Tsaya, ɗauko min gwangwanin can a kan kabad.
Ka ga wannan? Hawainiya ce a kan kara.
Ni na wanke, ni na yanke.
A gefen nan na dama akwai hannu,
hannun ƙanena Sahabi, shi ya riƙe mata karan,
da tabon wuƙa a babban yatsa.
Na ce yana ɓata hoto.
Zaf, ya faɗi ƙasa, aka share da yamma.
Fim ɗin kuma ruwan wata damina ya cinye.
Sahabi bai taɓa yarda ya zauna min a shago ba,
kullum sai gobe,
har goben ta zo ba shi.

Hawainiyar ta fito da kyau, ba musu.
Amma in na duba, gefen nake kallo.

Don haka yanka, yaro, yanka.
Hoto ba ya tsayuwa sai an rage masa kaya.
Sai dai ka ajiye na asali a wani wuri.
Karɓi wayarka.
An kira la'asar, ɗaga ni.